Ina koyon jifan ƙwallo saboda Sadiƙ

Sau goma sha ɗaya na jefa ƙwallon nan a talabijin, ko sau ɗaya ba ta shiga ɗan akwatin da ake so ba.

Gem ɗin besbol ne na ɗana Sadiƙ, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda. A ɗakinsa ya bar shi nan unguwar Herwagana da aiki ya kai shi Fatakwal. In na kira shi, minti biyu ne: lafiya lau Mama, na ci abinci. Amma na san in zancen wasan nan ne, mantawa yake da agogo. Shi ya sa na kunna, na kira shi na ce gem ɗinsa nake bugawa.

"Mama! Ke da kike cewa zai kashe mini ido?"

"To, yanzu nawa idon zai kashe. Me ya sa ƙwallon take kaucewa?"

"Danne maɓallin kike yi da ƙarfi. Ki taɓa a hankali, ki saki idan layin ya kai kore. Kin tuna fensir nawa kika karya a ajin yaƙi da jahilci?"

Na tuna. Ina da shekara arba'in lokacin, shi yake kama hannuna a kan tabarma yana cewa in sassauta.

A jifa na goma sha biyar ta shiga. Da na gaya masa, har tafi na ji ya yi. Minti arba'in muka yi a waya.

Ban faɗa masa ba, amma ba na son in ƙware da wuri. Iyaye mata, ku da wace dabara kuke jan hira da naku na nesa?