Nas Ɗin da Ta Zarge Ni da Satar Ƙwai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsince wake a kicin ɗin makaranta, hedimasta ya leƙo ya ce Allah Ya yi miki rasuwa a asibiti, bayan jinyar kwana shida. Nas, ni ce mai girkin nan da kika taɓa zargi da sata, ni ce kuma na roƙa a bar ni in rubuta wannan.

Shekara bakwai ke nan da kika fara zuwa ƙauyenmu, sikeli ɗaure a bayan babur, tef ɗin awo rataye a wuya. Iyaye ba su yarda da ke ba. Aka yi ta raɗe-raɗin me za ki yi da nauyin 'ya'yan mutane, wa kuma kike kai wa littafin da kike rubuta awon. Da ni aka yi gulmar, ba zan ɓoye ba. Ke ma ba ki yarda da kowa ba. Kikan kwance buhun abincin yara ki zura hannu har gindinsa, ki shinshina garin madara, ki girgiza ƙwai a kunne. Mai kawo mana kaya, da ya hango babur ɗinki sai ya tuna ya yi mantuwa a gida.

A zango na biyu kika auna 'yan aji uku, kika tarar yara sha ɗaya ba su ƙara ko rabin kilo ba. Kika shigo kicin fuska ba walwala.

"Yaya, kowane yaro na samun ƙwansa?"

"Kullum, Nas."

"To ina yake zuwa? Ba ya jikinsu."

Kika ƙura wa jakata ido a kan ƙusa. Na zazzage miki ita a ƙasa, makulli da sabulu da maganin ciwon baya. Kika ce ai ba jaka kaɗai ke fitar da kaya ba. Hedimasta ya ce in abin ya tabbata, na gama aiki. Ina da marayu uku a gida. Mako biyu ban amsa gaisuwarki ba.

Sai kika ajiye benci a ƙofar ajin, kina bin bakin yaran da kallo suna ci. A rana ta huɗu da aka tashi, kika tare wata 'yar siririya da gashinta ya yi ja, kika ce ta juyo aljihu. Ga ƙwai naɗe cikin takardar littafi. Ƙaninta da aka yaye take kai wa. Duka sha ɗayan abin da suke yi ke nan.

Ba ki tsawata wa ko ɗaya ba. Kika ce daga yau in ɓare ƙwan in raba biyu kafin in miƙa. Kika bi gida-gida kina matsa wa iyaye har aka haɗa kaji, aka kafa keji a bayan makaranta saboda ƙannen. Kafin shekara ta zagayo, yaran nan sun ciko, 'yar siririyar nan kuwa yanzu ta fi ni tsayi.

Wata rana ina wanke tukwane kika durƙusa kusa da ni, kika ce, "Yaya, na zalunce ki." Na ci gaba da wanke-wankena, don da farko na zaci wata dabarar ce.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa yaran da kika tsaya wa su zame miki hujja ranar gobe. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki mata biyu da mahaifiyarki, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Jama'a, ku zama shaida, na yafe mata duniya da lahira. Tun a bakin tukwanen nan na yafe, faɗa mata ne ban yi ba. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.