Robar da Na Sa Aka Cire Kafin Suna

Ni na yi laifi. Shekara huɗu ina cewa ƙaddara ce, alhali na san inda hannuna ya shiga.

Manomin albasa ne ni a Kashin Zama. Haihuwar matata ta uku ta zo da gardama. Kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, Innata tana cewa a ƙara jira. Sai da fitsari ya ƙi fita sannan na nemi mota muka nufi asibiti a Jega.

Ungozomar asibitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta taɓa cikinta ta harare ni. "Malam, mi kake jira, sai ka cire albasa? Mara ta cika, kan ɗa bai da hanya." Ta sa mata siririyar roba, fitsarin ya fita, ta zare. Kafin la'asar aka haifi ɗiya mace da ranta. Sai ta sa wata robar, wannan mai zama ce, da jaka a ƙarshenta. Ta kira ni ta ce kan jaririyar ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin ya wahala, yana son hutu.

"Sati biyu za ta yi da ita. Kowa ya ce a cire, kada ka yarda. Ka ji, ko in maimaita da Fillanci?"

Na yi dariya, na ce na ji.

A gida Inna ta fara mata wankan jego tana mita, wai ba ta taɓa gasa mai jego da igiya a jiki ba. Ni kuwa suna ne ya dame ni. Dangin matata za su zo daga Maiyama, mata su cika ɗaki, su ga jakar fitsari ƙarƙashin zane. Kunyar wannan na ji.

A kwana na shida na kira wata maƙwabciya da ta taɓa aiki a ɗakin shan magani, ta iya cirewa. Matata ta ce, "Malam, sati biyu fa ungozoma ta ce."

Na ce, "Na gobe kawai. Bayan suna sai a mayar."

Ta juya fuskarta bango, maƙwabciyar ta zare robar.

Aka yanka rago, aka watse. Ban mayar da ita asibiti ba, don na ga kamar ta warke. Bayan kwana uku ta tashi ta tarar da tabarma a jiƙe, ba ta san lokacin da fitsari ya zubo ba.

Da muka koma Jega, dattijuwar ba ta yi raha ba. Ta ce ba za ta rantse robar za ta hana yoyon fitsari ba, amma ita ce damar da muke da ita.

Shekara ɗaya da rabi matata ba ta je biki ba. Kullum wankin zannuwa, kullum turare a ɗaki. Sau biyu aka yi mata aiki kafin yoyon ya tsaya. Danginta sun tambaya, ta ce musu robar da kanta ta fita.

Bara, ranar da na ji ta sake faɗa wa ƙanwarta haka, na jira baƙuwar ta tafi. Na sami matata tana tankaɗe, na durƙusa, abin da ban taɓa yi ba.

"Uwar ɗiyana, ba da kanta ta fita ba. Kin faɗa mini, na ƙi ji, don kunyar mutanen da suka ci nama suka tafi. Na cuce ki. Ki yafe mini."