Irin Masarar da Ban Sa wa Hannu Ba

Akwai wani tsohon mai gurmi da nake saurare tun ina ɗaliba a Samaru. Ban taɓa ganinsa ba, kaset ɗinsa na tsinta a gida, daga baya aka tura min waƙoƙin a waya. Ƙawayena suna min dariya, wai budurwa da waƙar tsofaffi. Muryarsa ma duk ta dishe. Abin da ya kama ni shi ne wata waƙa da aka ɗauka a gidan biki. Kafin ya fara, za ka ji yana ta gyaran tsirkiya, ya taɓa, ya saurara, ya sake ɗaurewa. Mata na ta guna-guni, wani na daka masa tsawa ya fara mana. Ko a jikinsa. Sai da tsirkiyar ta yi masa daidai ya buɗe baki.

Da na samu aiki a ɗakin gwajin iri, halin nan nasa na ɗauka. Aikin ba wuya. A kawo samfurin masara, ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka jera a kan jiƙaƙƙen yashi, ka rufe, ka jira kwana bakwai. Abin da ya tsiro shi za ka rubuta, ka sa hannu, a buga hatimi a buhu. Manomi ba ruwansa da takarda, hatimin yake dubawa. Abokan aikina kan leƙa ran kwana huɗu su yi kintace. Ni kuwa sai bakwai sun cika cif, kuma ban iya ɓoye haushina ga mai gaggawa ba. Har mai gurmi suke kirana.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, wani dillalin iri daga Sabon Gari ya aiko da samfuri. Ko rabi bai tsiro ba. Sauran suka kumbura, suka yi funfuna, ɗakin ya ɗauki tsami kamar an manta da kamu a roba. Na sake gwadawa, duk kanwar ja ce.

Da kansa ya zo, mutum mai fara'a da sanyin murya.

"Malama, hadari fa ya fara haɗuwa. Manoma na jira."

"Yallaɓai, irin nan ya mutu. Ba zan sa hannu ba."

Ya yi murmushi, ya gyara hula. "Ba a Muchia kike ba? Gidan nan mai jan ƙofa. Ina ganinki da safe kina jiran mota ke kaɗai."

Ban taɓa faɗa masa inda nake ba. Tsoro na ji, tsoro sosai. Da ya fita na kunna waƙar tsohon a hankali, na zauna ina kallon yashin har aka tashi daga aiki.

Washegari ogana ya ba ni hutun mako biyu da ban nema ba. Bai yarda mun haɗa ido ba.

A cikin hutun na bi ta unguwar PZ, na ga buhunan dillalin jibge a gaban wani shago, kowanne da hatimin ofishinmu, sa hannun kuma na wani ne. Na rubuta koke, ba a amsa ba. Sai na ja bakina, ina lallashin kaina cewa ni dai hannuna a wanke yake. Ko a gida ban faɗa ba, don an koya mana maganar ofis ba ta fita waje. Na manta cewa shi tsohon, muddin yana gyara, ba mai iya karɓe masa gurmi ya kaɗa. Ni kuwa an karɓe nawa, wani ya kaɗa.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, kawuna da ke noma a bayan ƙauyen Zabi ya kira ni, muryarsa cike da murna.

"Ɗiyata, na gama shuka, gonan duka! Da na ga hatimin ofishinku a buhun irin masara a PZ, ko tambaya ban yi ba. Na ce ai yarinyan nan ne ta gwada, ita ba ta wasa da aiki. Har maƙwabta na sa sun saya."

Na ce, "Kawu, irinka na bara da ka ajiye a rumbu fa?"

Ya yi dariya. "Me zan yi da shi kuma? Tuni aka kai inji, tuwonshi ma muke ci."