Baƙin Tukunya a Kan Bawul

Akwai wata Litinin ta farkon damina da har gobe ban manta da ita ba, ranar da aka jawo a-kori-kurar ƙungiyar manoman wani ƙauye na kan dutse ta hanyar Mahuta, aka shigo da ita garejina a nan Zuru. Ku da kuka zo aikin nan daga baya ba ku iske motar ba. Tsohuwa ce tukuf, fenti ya bar ta tuntuni, amma ita kaɗai ke iya hawa dutsen nan da buhunan taki, ita ke sauko da dawa kasuwa, ita ce kuma ke kawo mai naƙuda asibiti.

Mutum biyu suka biyo ta. Ta farko Mama Saratu ce, shugabar ƙungiyar, mace mai faɗa a ji, wadda ba ta iya ɓoye magana ba. Na biyu direban motar ne, Baba Saje Bitrus, tsohon soja da ya yi ritaya yana saje, ya dawo gida ƙungiya ta damƙa masa makullin motar. Ƙarar bindiga ta cinye masa kunne tun yana aiki, sai ka ɗaga murya yake jin ka.

Ko gaisuwa ba mu gama ba Mama Saratu ta fara.

"Oga Mamman, mun gaji. Bawul ta sake ƙonewa. An gyara ta ƙone, an sake gyarawa ta sake ƙonewa. Mutum ba ya jin kukan inji, yana ta taka mota har ta mutu. Ranar Lahadi bayan sujada za mu zauna mu karɓi makulli, mun riga mun samu wani direba."

A gabansa ta faɗa, don ta ɗauka bai ji ba. Ni kuwa ina kallonsa, na ga ya ji sarai. Ya tsaya ƙyam kamar yana fareti, hannuwansa a baya. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Da ta juya amsa waya, sai ya matso kusa da ni.

"Ɗana, kunne ya tafi, gaskiya ne. Amma hannu yana nan. Tun gyaran farko nake jin wata rawa a sandar giya wadda da babu ita. Na faɗa, an ce tsufa ne."

Bari in yi wa waɗanda ba su san cikin irin wannan inji ba bayani. A ƙasa akwai kamshaf, wani ƙarfe mai juyawa, shi ke tura wata doguwar sandar ƙarfe sama, wadda muke kira fushrod. Fushrod ta ɗaga gefe ɗaya na roka, wani ɗan ƙarfe mai lilo da ke zaune a kan ƙusarsa, ɗaya gefen kuma ya danna kan bawul, wato 'yar ƙofar da mai ke shiga ko hayaƙi ke fita ta cikinta, ta buɗe. Ƙa'idar ita ce bakin roka ya riƙa taka bawul a tsakiyar kanta. In ya taka ta a gefe, to yana tura ta a karkace ke nan, ramin da take zirga-zirga a ciki ya cinye ta ɓangare ɗaya, ta daina rufewa daidai, wuta ta riƙa bi ta gefenta har ta ƙone.

Na buɗe murfin sama na cire rokoki. Man injin tas yake, lagireto cike da ruwa, babu alamar motar ta tafasa kwanan nan. Direban da ke kashe inji da ganganci ba haka injinsa ke zama ba. Da na goge kawunan bawul ɗin na duba su a hasken rana, sai na ga duk inda ƙarfe ya yi ƙyalli saboda gugar roka a gefe yake, can baki-baki, kuma duka takwas ɗin gefe guda suka karkata.

Na tambayi tarihin motar. Ashe da farko tiyon ruwa ne ya fashe a kan dutse, inji ya yi zafi, aka kai ta wani gareji a wani gari aka goge tof silinda, wato kan injin, don ya zauna daidai. Daga nan duk lokacin da bawul ta ƙone, sai a sake goge tof ɗin, a sake sassaƙe mazaunin bawul, a mayar da komai yadda yake. Na ce, an taɓa auna fushrod? Baba Saje ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi musu komai ba sai wanki da fetur.

Nan na fara gane zancen. Duk gugar da aka yi wa tof, ƙara sauko da shi ake yi kusa da kamshaf, su kuwa fushrod tsawonsu na nan yadda suka zo. Sun yi wa injin tsawo, sun ɗaga roka daga inda ya kamata ya zauna. Wato kowane gyara ƙara cutar yake yi.

Na gaya wa Mama Saratu abin da nake zargi. Ta kalle ni sheƙeƙe.

"Ku maza haka kuke, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ka sa sabuwar bawul ka ba mu motarmu, taki na jiranmu."

Maƙwabcina a layin gareji, Usta Garba, mutumin Argungu, yana jin mu. Ya leƙo yana dariya.

"Mamman, mi ya kai ka wahala? Sa musu sabuwa ka sallame su. Wa ka taɓa gani shina awon fushrod garin ga?"

Na ce masa yau zai gani. Ni dai kun san halina, in abu ya tsaya mini a rai ko abinci ba ya wuce mini. Na ce wa Mama Saratu ba zan ɗaura sabuwar bawul a kan wannan ciwo ba, in tana so ta ja motarta ta kai wani wuri. Amma kafin ta ja, ina roƙon ta abu guda, ta tsaya ta gani da idonta.

Na je wurin mai abincin da ke bakin gareji na kankaro baƙin gindin tukunyarta, na kwaɓa da ɗigon man inji. Na miƙa wa Mama Saratu na ce ita za ta shafa a kan bawul da yatsanta, kada a ce na yi wata dabara. Ta harare ni, amma ta naɗe hannun riga ta shafa. Na mayar da fushrod da roka, na ɗaure noti har tazarar da ke tsakanin roka da bawul ta yi daidai, na cire fulogogi don inji ya yi sauƙin juyawa. Baba Saje ya kama sifana ya juya injin da hannu a hankali, bawul ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe. Sannan na cire roka.

Bakin roka ya share baƙin ya bar layi fari, mai faɗi, a can gefe, saura ƙiris ya zame daga kan bawul ɗin.

Na ce, "Mama, inji a kashe yake. Ba wanda ya taka totur, ba wanda ya hau dutse. Ko wa kika ba makullin nan, a wurin nan roka zai taka."

Ta daɗe tana kallon layin. Sai ta ce a gwada wata bawul ɗin. Aka gwada, haka. Ta ce a sake gwada ta can ƙarshe, ita ma haka. Amma Mama Saratu ba ta saurin sauka.

"Na ga layi a gefe. Sai na gan shi a tsakiya zan yarda da maganarka."

Na ce ta ba ni zuwa Asabar.

Na sauke tof na canza bawul da ramukansu da suka cinye, na hana kowa ya kai shi guga, na mayar da shi da sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin inji. Sai aikin awo. Na samo wata tsohuwar fushrod na yanke ta biyu, na sa mai walda ya haɗa mini ƙusa mai zare da noti a tsakani, ta zama sandar da zan iya ƙara wa tsawo ko in rage. In shafa baƙi, Baba Saje ya juya inji, in cire roka in duba, in rage tsawo kaɗan, a sake. Layin ya riƙa matsowa sannu a hankali. Da na zarce da ragi sai ya tsallaka ɗaya gefen, na dawo baya. Usta Garba da ya zo yi mini dariya, shi ya ƙare da riƙe mini kwanon baƙin tukunya. Har dai muka samu layi siriri a tsakiya cif. Bambancin da ke tsakanin sandar awona da tsofaffin fushrod bai wuce kaurin ƙwayar dawa ba.

Na shiga mota zuwa Kontagora da sandar awon a aljihu, wurin wani mai injin yanka ƙarfe. Na tsaya a kansa ya cire kan kowace fushrod, ya rage ta, ya mayar da kan, ina gwada kowace da tawa kafin in karɓa. Ya ce bai taɓa ganin bakanike mai naci irina ba, na ce na gode.

Ranar Asabar Mama Saratu ta zo da wasu dattawan ƙungiya biyu. Ba wanda ya ce mata komai, da kanta ta nufi wurin mai abinci ta dawo da baƙi a yatsa. Ta shafa, Baba Saje ya juya, na cire roka. Ta sunkuya ta duba, ta kira dattawan su ma suka duba. Na haɗa komai na tayar da mota. Baba Saje bai ko karkata kunne ba, ya shiga ya ɗora tafin hannunsa a kan sandar giya, ya rufe ido. Can ya ce, "Rawar ta daina."

Mama Saratu ta zagaya ta gefen tagarsa, ta ɗaga murya yadda duk layin gareji sai da ya ji.

"Baba, mun ɗora maka laifin da ba naka ba. Ka yafe mana."

Ya ce, "Shiga mu tafi, taki na jira."

Motar ta yi damina ta yi kaka ba ta ƙone ko bawul ɗaya ba. Bayan an gama kai dawa gida, sai ga Baba Saje a gareji, a ƙafa, ya saka tsohuwar rigarsa ta soja an goge ta tsaf. Na tsorata, na ce ko motar ce kuma. Ya ce lafiyarta lau, sallama ya zo yi mini. Idonsa ya fara hazo, kuma hanyar dutse ba ta wasa ba ce, don haka ranar Lahadin da ta wuce ya miƙe a gaban jama'a ya damƙa makulli ga sabon direba.

Na ce, "Baba, duk wahalar nan da muka sha, ashe ajiyewa za ka yi?"

Ya ce, "Ɗana, da an karɓe a wancan lokaci, har in mutu sunana wanda ya kashe motar gari. Yanzu ni na miƙa da hannuna, tana da lafiya."

Shi ya sa kuke gani duk injin da aka goge wa tof ba na barinsa ya fita garejin nan sai an shafa baƙi an duba inda roka ke taka, ko mai motar na ta tsalle yana sauri. In muka ƙi aunawa, laifin ba ya tsayawa a kan ƙarfe, kan wanda ke riƙe da sitiyari yake faɗawa. Sandar awon nan tana rataye a bayan ƙofa, duk wanda ya ɗauka ya mayar mini da ita.