Kantun Gishiri a Cikin Randa

Gidanmu na Gummi yana gangaren gulbi ne, kuma maigidana mutum ne mai dabara, sai dai dabarar tana yawan rigan tunani fita. Yana da aboki Bafulatani wanda duk damina yake bin shanu can wajen Gwashi. Wata shekara kafin ya tafi ya kawo mana ajiyar kantun gishiri, dogo mai tsini, irin wanda raƙuma ke saukowa da shi daga hamada. Ya ce na shanu ne, sai kaka zai karɓa.

Inna, mahaifiyar maigida, ta ce a ɗora shi bisa rumbu. Malam, maigidan nawa, ya ce a'a, awaki sun iya hawa. Ya juye ruwan babbar randata, ya zura kantun ciki, ya rufe da faifai, ya dube mu yana jiran yabo.

"Yanzu akuyar da ta isa ta lasa mu gani."

Akuya kam ba ta lasa ba. Gulbi ne ya zo da kansa, ana tsakar damina, wata safiya ina dama koko. Muka kwashi yara da tabarmi muka hau tudu. Da ruwa ya janye muka dawo, katanga ta zauna, randa kuwa tana nan daram, cike maƙil. Malam ya cusa hannu har kafaɗa yana lalube. Laka kawai ya damƙo.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Katangar ma bai kalla ba. Ya zauna bakin ƙofa yana cewa, "Amana ce fa. Mi zan ce mai?" Can ya miƙe zai tuntsurar da randar don haushi.

Inna ta daka masa tsawa. "Kai, bar ta nan! Gishirin na ciki, kwanciya yay yi."

Ashe tun tana yarinya wani Buzu mai raƙuma ya taɓa gaya musu cewa inda suke ɗibar gishirin, a da can babban tafki ne, rana ta shanye ruwan ta bar gishiri a ƙasa. Ta ce ita dai ba ta taɓa yarda ba, ta ɗauka zancen 'yan kasuwa ne, amma ga rana ga randa, sai a gwada.

Wa aka ci? Kwanukan jerena. Da ruwan sama ya ɗauke muka jera su tsakar gida, kowane da ruwan randa a ciki. Malam da ke gudun awaki ya koma makiyayinsu, yana zaune da sanda yana kora. Maƙwabta na leƙowa: "Malam, an buɗe kasuwar miya ne?" A hankali fari-fari ya fara kama gefen kwanukan. Inna ta dangwala ta lasa, ta ce, "Allah Ya jiƙan Buzun nan, na ɗauki alhakinai."

Muka kankare, Malam ya kwaɓa da lakar gindin randa, ya danna a turmina. Abin da ya fito gajere ne, mai tumbi.

Da kaka Bafulatanin ya dawo. Malam ya ajiye masa abin a gaba, ya fara bayani tun daga awaki. Mutumin ya zagaya shi yana kallo.

"Aboki, na ba ka dogo, ka maido man gajere. Ba ka ba shi abinci ne?"

Ya kai wa shanunsa a bayan gida. Suka yi caa a kansa, har da ture juna. Sai a lokacin na ji Malam ya sauke numfashi.

Da wata damina ta zagayo, Bafulatanin ya sake kawo kantu. Ya gaisa da Malam hannu biyu, ya wuce shi, ya ajiye a gaban Inna.