Katin da Ya Zo Daga Argungu

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, kowane akawu a Birnin Kebbi sai ya ga bai cika mutum ba in bai aika wa wani katin gaisuwa ba. Ni kuwa tun a makarantar mishan, can garinmu a kan duwatsu, hannuna ya saba da almakashi. Na ce to, ga kasuwa ta zo har ƙofar ɗaki. Maigidana yana ba da magani a asibiti, muna haya a Nasarawa, ɗaki biyu a gidan wani dattijo manomin shinkafa da kowa ke ce wa Baba.

Kayan aikina ba su da yawa: farin kwali, galura, tawada, da ƙaro da nake jiƙawa a kasko. Abin da ya sa katina ya fita daban shi ne zangarniyar shinkafa da nake mannawa a gaba. Baba ne da kansa ya ba ni dami guda daga fadamarsa ta Zauro, yana dariya wai bai taɓa ganin mai yi wa takarda abinci ba. Na sayar a Kirsimeti har hannuna ya yi kanta, sai na ɗaura niyyar ƙaramar Salla.

Baba yana da ɗa namiji guda, malamin makaranta a Argungu, mai wando da kari kamar bakin wuƙa. Da farkon azumi ya leƙo gida, ya same ni ina manne-manne, ya zaɓi wanda ya fi kyau. Har na zolaye shi, na ce wace mai sa'a ce wannan a Argungu? Ya yi murmushi ya zura a aljihu. Ba aikina ba ne in bi kati in ga gidan da zai shiga.

Ranar jajibere da hantsi direban lori ya miƙo ambulan a zaure. Baba yana zaune da abokansa, kuma shi ajami yake karantawa, sai ya sa aka kira maigidana ya karanta masa. Ina daga bayan zana ina jin muryarsa tana raguwa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Katin daga ɗan Baba ne: wai barka da Salla, wai aiki ya yi yawa, ba zai samu zuwa ba bana. Wani tsoho ya yi gyaran murya, ya ce shi dai nasa 'ya'yan ba su yi boko ba, amma ƙafafunsu lafiya lau.

A nan na ji an ce a kira ni. Na shiga da tsohon ciki, na durƙusa da ƙyar. Katin na hannun Baba, ya riƙe shi da yatsa biyu.

"Wagga shinkahwa tawa ta, ko ba tawa ba?"

"Taka ce, Baba."

"Ni nib ba ki ita, kiy yi abin da ɗana za shi zage ni da shi gaban mutane. Yaron da nih haihwa shi gaishe ni da takarda, awa ni baƙo na? In an yi Salla ku nemi wani wuri."

Maigidana mutum ne mai sanyi, ko kaza ta taka shi sai ya ba ta haƙuri. Ya ce mu yi shiru zuciyar tsoho ta sauka. Ni na san ba za ta sauka ba, don maganar a gaban mutane aka yi ta. Kuma wa zai ba baƙi Kirista ɗaki a unguwar, bayan an ji mai gida ya kore su? Ina zan haihu, a gindin bishiya? Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa. Na ɗauki gyalena na nufi tasha.

Lorin da ya kawo katin shi na hau. Rana tana dukan kai, masu azumi sun yi laƙwas a kan buhuna, kowane rami motar ta faɗa sai in dafe ciki in kira sunan Allah. Wata tsohuwa tana ta harara ta, daga baya ta miƙo mini ƙullin kayanta in jingina.

Na sami malam a ɗakinsa yana goge takalmi. Aikin da ya yi yawa ke nan. Ya zabura ya ba ni kujera, na ƙi zama.

"Yaya, ai zamani ya sake," in ji shi. "Haka mutanen da sunka waye ka yi. Ni girmama shi niy yi, wanda yaf fi tsada niz zaɓa."

"Ni da nake yin katin, uwata tana can bayan duwatsu, kwana da kwanaki a hanya," na ce masa. "Kai kuma ga ubanka nan, ko jaki ka hau ka sha ruwa a gida. Ka jawo an kore ni da wannan cikin. Tashi mu tafi."

Ya ce kunya ba za ta bar shi ya shiga garin da rana ba, zai zo da safe. Na dube shi, ban yarda da shi ba ko kaɗan, amma ba ni da ƙarfin jan ƙato. Na komo ni kaɗai, ƙafafuna sun kumbura.

An ga wata. Da safe Baba ya fita idi, bai amsa gaisuwata ba. Na zauna a ƙofar ɗaki ina kallon tukwanena, ina tunanin wanne zan fara ɗaurewa. Duk motar da ta yi ƙugi daga nesa sai in leƙa in ga ko malam ne. Aka sauko daga idi, tuwo ya fara zagaya gidaje, namu ɗakin ba wanda ya leƙo.

Sai na ji Inna, matar Baba, ta saki guɗa ta kuma danne ta. Na leƙa ta zana. Ga malam a ƙofar zaure, takalmin nan da ya sha gogewa yana hannunsa, wandon ya yi buɗu-buɗu, ya zube a ƙasa a gaban tsofaffin jiya. Baba ya bar shi a durƙushe har na fara jin tausayinsa, ni da na so in shaƙe shi. Can ya ce, "Ka iso?" Shi ke nan abin da ya ce masa.

Da la'asar aka sake kirana. Na tafi. Baba bai dube ni ba, yana ta juya wata zangarniya a hannunsa, doguwa, cikakkiya, irin wadda ake ajiyewa don iri.

"An ce kin tahi Argungu da cikin ga. Ba ki da hankali."



"An ce kuma uwarki na da nisa." Ya miƙo mini zangarniyar. "Ita takarda ta kamace ta. Manna mata wagga, ta ga abin da ɗiyatta ka ci a gidana."

Na karɓa da hannu biyu. Ban iya godiya ba, kuka ya riga ni. A ɗakin nan na haihu da farkon damina, Inna ce ta yanke cibi.