Sojojin Dalma a Shagona

Akwai wata la'asar da ba za ni manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina, ranar da abin wasana ya kusa jawo wa abokina mutuwa a gaban idona.

A lokacin ina sana'ar gwanjo a Sabon Birni, ina sayo diloli daga Maraɗi. Wata rana na kwance dila sai na tarar da wani ɗan gwangwani a aljihun wata babbar kwat. Da na buɗe sai ga 'yan sojoji na dalma, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, amma har maɓallin riga da igiyar bindiga an fitar musu. Tun daga nan abin ya shiga raina. Duk dillalin da na sani a Maraɗi sai da na roƙe shi ya aje mini in ya gani. Sannu a hankali na tara masu doki, da masu igwa, da sojojin ƙasa. Waɗanda fentinsu ya goge in zauna da tsinken ashana da ragowar fentin mota in gyara su. A waya na ga yadda masu wannan sha'awa ke jera su bisa tebur su yi yaƙin wasa, ana jefa ɗan ludo ana auna tafiyar kowace runduna da tef ɗin tela. Ni ma na sa kafinta ya yi mini faffaɗan tebur a ƙuryar shago, na zuba rairayi, na yi tuddai da yumɓu, na yanka shuɗiyar leda ta zama gulbi. Da yake ban san wata ƙasa ba sai tamu, abin da na gina sai ya fito kamar garinmu, har da gada.

Mutane dariya suke mini, wai magidanci da 'yar tsana. Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da muhimmanci, wani abokina Bafulatani daga wajen Kurawa, wanda muka yi firamare tare. Saboda rugarsu da nisa, a ɗakin mahaifiyata ya yi shekarun karatunsa. Ya girma ya zama mai duba lafiyar shanu. Duk ranar kasuwa in ya gama sai ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shago, ya leƙo yana cewa, "Bagobiri, fito da mayaƙanka, yau ma za ni kore ka har gulbi." Kuma yakan kore ni ɗin, don ya fi ni haƙuri.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyuka, noma ya gagara, makarantu suka cika da 'yan gudun hijira. Kowa ya koma kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, ana ta raɗe-raɗin akwai masu kai wa ɓarayi labari. Abokina ma an kore masa shanu, an kashe ƙanen babansa, amma wa zai tsaya ya tambayi wannan? Ya rage zuwa. Ran da ya zo kuwa yakan ce wurin teburin nan kaɗai yake samun ya manta da duniya.

Ana gobe abin zai faru aka kai hari wani ƙauye a hanyar Burkusuma, aka kashe mutane. Washegari aka yi jana'iza, gari ya yi tsit. Bayan la'asar abokina ya zo nema wa matarsa magani, ya biyo ta shagona. Ba mu ma fara wasa ba. Yana tsaye ne kawai ya sunkuya bisa tebur, yana juya wani ɗan mahayin doki a hannu, sai wani daga cikin matasan da ke gadin gari ya leƙo neman riga. Ya dubi teburin, ya dubi abokina, ya fita.

Kafin mu ankara ƙofar shago ta cika. Gora, adda, bindigar toka.

"Ku diba!" in ji wanda ya leƙo ɗin. "Ga gulbi, ga gada, ga hanyar shigowa gari. Nan ɗaki anka shirya muna mutuwa!"

Na ce, "Jama'a, wasa na! Wallahi wasa na, kowa ya san ni da shi!"

Babu wanda ya ji ni. Suka fizgo abokina waje, gora ta sauka a kansa, ya faɗi. Na rungume wani, aka yar da ni gefe. Abin da har yau ke hana ni sukuni shi ne, a cikin masu dukan akwai waɗanda ya sha yi wa tumakinsu allura. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, yana kare fuska da hannu.

Gidanmu na bayan shagon. Mahaifiyata, tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ko masallacin Idi sai an kai ta a babur, ban san yadda ta ratsa taron nan ba. Sai dai na gan ta ta faɗa bisa abokina, ta lulluɓe shi da mayafinta.

"Wanga ɗana na," ta ce. "Ni na ba shi tuwo da hannuna tun bai san wanke fuska ba. Wanda ka son jininai shi fara da nawa."

Gorori suka tsaya a sama. Kafin nan limamin unguwa ya iso, ya sa aka fito da teburin fili, ya ce in nuna. Na jefa ɗan ludo, na auna da tef, na matsa runduna, ina bayani kamar mai kare kansa gaban alƙali. Wasu suka fara sunkuyar da kai. Sai wani saurayi, wanda da safen nan aka binne yayansa, ya matso ya dube ni, idanunsa jajur.

"To mun ji wasa na," ya ce. "Ana kashe mu awa kaji, ku kuna nan kuna wasa da yaƙi?"

 

Ya sa ƙafa ya kifar da teburin. Suka tsince sojojin daga cikin rairayi suka zuba a buhu. Daga baya na ji an kai su maƙera an narkar, an yi harsashin bindigar toka da su. Shekarun da na yi ina tarawa ina shafa musu fenti, ƙarshensu ke nan. Ban san jikin wa suka shiga ba.

Abokina ya yi jinya a ɗakin mahaifiyata, ya tashi, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Da ya samu ƙarfi ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar. Na raka shi bakin gari. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bagobiri, ban riƙe ka da komi ba. Amma garin da sai tsohuwa ta kwanta bisa kaina kafin a yarda ni mutum na, ba ni iya kwana cikinai." Ko rasuwar mahaifiyata bai iya zuwa ba, ta waya ya yi mini gaisuwa, yana kuka.

Abin da na koya shi ne, ɓarayin daji ba dukiya da rayuka kaɗai suke ɗauka ba. Suna barin tsoro a gari, shi kuwa tsoro in ya zauna a zuciya, mutumin kirki ma sai ya dubi wanda ya sani tun yarinta ya ga maƙiyi. Shi ya sa yanzu duk lokacin da na ji an ce "ga shi nan, ku kama shi," ba na bin gudu. Nakan tsaya in tambaya: wa ya gani, kuma me ya gani?